Suruki Cikin Juri

Shafi na 14

Masu aiko mini saƙo tun shekaranjiya kuna cewa na ɓata, na gani duka. Salulata ce ta faɗa cikin bahon wanki, sai da mai gyara na bakin tasha ya farfaɗo da ita. Tanti Tani ta Ɗan Issa, ke da kika rantse za ki hau kabu-kabu ki zo ki tare mini a ƙofar gida, zauna abinki, ga shafin.

Ga waɗanda suka shigo mana yau: Mardiyya injiniyar ban-ruwa ce. Aiki ya jefa ta Diffa, mijinta Ashiru da 'yarsu Binta suna Madarumfa. Nisa ya yi nisa har yarinyar ta fara kiranta "Tanti Diffa". Sai ga proje Ruwan Rani yana neman shugaban sashen fasaha, a nan cikin gari, bakin tabki. In ta samu, ta dawo gida ke nan. In ta rasa, ta koma gabas. Ban da Ashiru ba wanda ta gaya wa ta nemi aikin. Ko kwana a Maraɗi ta yi wurin ƙawarta, don kar a gan ta a unguwa a fara tambaya.

*

Maza biyu sun riga ta shiga ɗakin da ake yi wa masu neman aikin tambayoyi. Na farko ya fito yana share zufa. Na biyu ya fito yana murmushi kamar an riga an miƙa masa makullin biron.

Palanto, ɗan aiken biron, ya leƙo daga ƙofa.

"Lamba ta uku."

Mardiyya ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta, ta yi bisimilla a zuci. Ba ta jin tsoro. Ta tsaya gaban turawa ta yi bayani, ta tsaya gaban 'yan kwangila masu taurin kai ta sa sun fasa kanal ɗin ruwa sun sake. Tambayar baki ba za ta kayar da ita ba.

Ta tura ƙofa da sallama.

Dogon tebur ne, mutum uku a bayansa, su ne juri masu yanke hukunci. A tsakiya Madam Hasana, shugabar proje, mace marar yawan fara'a. A hannun damarta Mushe Abdoul Aziz mai kula da ma'aikata, da ƙaramar kwat a wannan zafin. A can ƙarshe kuwa wani dattijo ne da farar hula, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Mardiyya ba ta san lokacin da ƙafafunta suka zare takalmi ba. Ta ja da baya, ta bar su bakin ƙofa, ta dawo ta durƙusa har ƙasa a kan siminti, kanta a sunkuye.

"Baba, ina kwana."

Dattijon ya tsaya da gugar tabarau. Shi ma bai dube ta ba, bango ya duba.

"Lahiya lau. An zo lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Sunan dattijon Injiniya Ɗan Azumi. Ni ina iya faɗa muku, ba surukina ba ne. Mardiyya kam tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa furta sunan nan ba, ba ta taɓa cin abinci yana gani ba, ba ta taɓa zama kan kujera yana wurin ba. In za a tambaye ta kamannin idonsa, sai dai ta hoto.

Abdoul Aziz ya duba takalman, ya duba matar da ke ƙasa.

"Madam, nan biro ne fa, ba masallaci ba."

Madam Hasana ba ta yi dariya ba. Ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi.

"Kun san juna?"

Ta dubi dattijon.

"Injiniya, kai nike tambaya."

"Ɗiyata ce."

"Ta cikinka?"

"Matar yarona ce. Babban."

Abdoul Aziz ya jingina da kujera, ya ce, "To fa."

A lokacin ne Mardiyya ta gane abin da ta yi. Da ta shigo ta ja kujera ta zauna, da ta yiwu ba wanda zai sani sai bayan an gama. Yanzu kuwa ta fallasa kanta tun kafin ta buɗe baki. Ranta ya ɓaci, amma ta san ko sau nawa za a mayar da ita bakin ƙofar nan, abin da ƙafafun za su yi ke nan.

Dattijon ya mayar da tabarau.

"Madam, ni ban san tana ciki ba. Kun kira ni da asuba kunka ce injiniyanku na Maraɗi shina asibiti, in zo in riƙe maku. Dosiyen masu neman aikin kunka ba ni masu lamba, ba suna. Bari in tashi."

"Zauna, Injiniya."

"Doka ta hana."

"Na san dokar, ni na rubuta ta."

Madam Hasana ta daɗe tana kallon Mardiyya kafin ta ci gaba.

"In ya tashi, ba wanda zai gane amsarki ta fasaha. Ni lissahi na karanta, Abdoul Aziz kuwa ko famfon gidanshi ya lalace kira shike yi."

"Madam, ba a haka da ni," in ji Abdoul Aziz.

"In na soke zaman ga baki ɗai, sai an sake shela daga Yamai. Wata da watanni. Kina iya dawowa?"

Mardiyya ta ce da ƙasa, "Hutuna ya ƙare, Madam. Ba za a sake ba ni wani ba bana."

"To ga abin da za a yi. Injiniya zai zauna, amma ba shi ba da maki, ba shi magana sai na ba shi izini. Zan ɗauki muryarki a salula in aika ma na asibiti, shi zai yanke. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Tashi ki zauna kan kujera."

Mardiyya ba ta motsa ba.

"Madam, nan ma ina ji."

"Ni ce ba ni jin ki. Aikin ga na mai ce ma manya a'a ne. Perefe zai kira ki, hakimai za su aiko, 'yan kwangila za su zo har gida. In ba ki iya zama kan kujera gaban surukinki, ki gaya mani tun yanzu mu sallami juna."

Mardiyya ta miƙe a hankali. Ta ɗosana a bakin kujerar, ta karkata jikinta ta yadda dattijon zai zama a gefenta, ba a gabanta ba. Simintin yana da sanyi a tafin ƙafarta.

Aka fara.

Tambayoyin farko ba su ba ta wahala ba. Pano na hasken rana nawa zai tayar da famfon da zai shayar da fadama guda, ta yi lissafin da baki. Ya za ta yi da ma'aikacin da ya girme ta kuma ya ƙi bin umarni, ta ba su labarin wani da ta yi fama da shi a Diffa, har Abdoul Aziz ya yi dariya ya rubuta wani abu. Muryarta ta fara dawowa. Ta ma fara mantawa da wanda ke zaune a ƙarshen tebur.

Sai Madam Hasana ta warware wata babbar takarda ta zane, ta danne gefunanta da kofin shayi da salula.

"Wagga tambaya kowa mun yi mashi ita. Kin san tashar famfo ta Gidan Marka?"



Wa bai san ta ba? Tasha ce da aka gina a gaɓar tabki shekarun baya, aka yi buki, aka yanka sa. Rani biyu ta yi ta mutu. A gidan surukanta kuwa ko yara sun san ba a ambatonta. Tashar Baba ce, ita ce aikinsa na ƙarshe kafin ya ajiye aiki.

"Na san ta, Madam."

"Mi ya kashe ta?"

Mardiyya ta dubi zanen. Ba ta buƙatar dubawa. Wani hutu da ta zo cikin bazara ta taɓa zuwa wurin ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Ta tarar da bakin tiyo a kwance cikin busasshen taɓo, ruwa kuwa yana can nesa, awaki suna kiwo a tsakani.

"Akwai maganar kulawa," ta ce. "Sau da yawa manoma ba su…"



"Ci gaba," in ji Madam Hasana. "Na farko ya ce manoma ba su zuba mai. Na biyu ya ce ɓarayi. Ke ma manoman ne?"

Abdoul Aziz ya riga ya ɗora bik a kan takarda.

Amsar tana da sauƙi. In ta ce manoma ne, kowa ya tashi da mutuncinsa, ta je gida ta gaida Baba da yamma kamar ba a yi komai ba. Sai dai na asibiti injiniya ne, yana jin muryar zai san ta kauce. Daga nan sai motar Diffa, da yarinyar da ke ɓuya bayan kakarta in ta gan ta.

Ta sa yatsa a kan zanen.

"Ba manoma ba ne."

"To?"

"Ga bakin tiyo nan. An aje shi daidai inda ruwa ke tsayawa da kaka, sa'ad da tabki ke cike. Ga alama sau ɗaya anka auna, kuma lokacin anka auna. Tabkin ga kuwa ja shike yi. Sa'ad da albasa da tumatur sunka hi son ruwa, shi ya riga ya gudu ya bar tiyo cikin laka."

"Sai mi ya faru?"

"Famfo shina jan iska da taɓo. Moto ya yi zahi ya ƙone. An sake wani, ya ƙone. Ko sabo ka kawo daga kanti yau, ƙonewa zai yi. Kuma wurin da anka zaɓa, nan ne ruwan damina ke zubo da rairayi. Ko ba a yi komi ba bakin zai toshe."

"Ke da mi za ki yi?"

"Sai in auna ruwan shekara guda cur, kaka da rani da bazara. Kahin nan in ɗora famfo bisa duro-duro, shina iyo, ruwa ya ja ya bi shi. Tiyo mai lanƙwasa, ba ƙarhe ba. Ginin kuwa a matsar da shi yamma, inda ba rairayi."

Madam Hasana ta juya ga dattijon.

"Injiniya, kalma ɗaya. Haka ne?"

"Haka ne."

Muryarsa ba ta canza ba. Da ya yi faɗa da ya fi wa Mardiyya sauƙi.

"Ke nan kuskuren mi ne?" in ji Madam Hasana.

"Na zane ne."

"Wa ya yi zanen?"

"Shina rubuce ƙasan takardar, Madam."

"Na iya karatu. Ke nike son ki faɗa."

"Ba ni iya faɗin sunan."

Abdoul Aziz ya kai hannu baki yana danne dariya.

"Madam, ki bar ta. Ko bindiga kika sa mata ba ta faɗi. Matata ma in za ta kira sunan mai gyaran firijinmu sai ta kewaya, don sunan tsohona gare shi."

"Ba da kai nike ba."

Mardiyya ta sunkuyar da kai.

"Mai sunan shina zaune cikin ɗakin ga."

Madam Hasana ta gyaɗa kai, ta naɗe takardar.

"Ya isa. Saura ɗaya, kuma ita ce tambayar gaskiya. Tun da tashar ta mutu anka rubuta cewa sakacin manoma ne. Saboda haka ƙungiyar manoman Gidan Marka ba ta cikin masu samun komi daga proje. Kowane ƙauye na gaɓa zai samu famfo bana, ban da su. Da guga suke ban-ruwa har yau."

"Na ji labari."

"Masu tallaha muna sun ce ba su sake duba maganar sai shugaban fasaha ya rubuta rapor, wato rahoto, ya ce ga abin da ya kashe tashar, ga wanda ya yi kuskuren, da sunanshi. Shi ne aikin farko na wanda munka ɗauka. Kuma duk sunan da ya hito cikin rapor ɗin ga, mai shi ba ya ƙara samun aiki ko kwangila da kowane proje a jihar ga. Kin gane?"

"Na gane."

"Za ki sa hannu?"

Fanka tana juyi a sama. Daga waje ana jin palanto yana ciniki da mai tallan zogale.

Mardiyya ta yi lissafinta. Baba ya ajiye aiki, ba kwangilar da yake nema. Abin da zai rasa suna ne, kuma suna a garin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo masallaci. Ta tuna ranar da ta haihu, shi ya hau moto ya tafi har garin Sarkin Yamma ya ɗauko mata innarta. Tausayinsa ya kama ta sosai.

Ta zame daga kujera ta durƙusa, fuskarta wajen ƙafafunsa.

"Baba, ka gafarce ni."

Sannan ta koma ta zauna, ta dubi Madam Hasana ido cikin ido.

"Zan sa hannu."

Abdoul Aziz ya rubuta. Madam Hasana ta kai hannu za ta kashe salular.

"Madam," in ji dattijon. "Ina neman izini."

"Mun gama, Injiniya."

"Ba mu gama ba. Bar salular ta ci gaba da ɗauka."

Ta janye hannunta.

Dattijon ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Da ya fara magana, bangon dai yake yi wa.

"Duk abin da ɗiyar ga ta faɗi daidai ne. Abu ɗaya ne ba ta sani ba, kuma ba ni son ta karɓi aiki ido ruhe. Sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne. Awo da zane ba nawa ba ne."

Madam Hasana ta gyara zama.

"Na wa ne?"

"Shekarar nan wurare sun yi mani yawa. Ina Gazawa, ina Tasawa, ina nan. Sai na ba wani yaro da ya hito makaranta, shina koyon aiki ƙarƙashina. Na ce mashi ya bi ruwan har bazara. Ya tahi sau ɗaya da kaka, ya auna, ya zana, ya ce mani ya bi. Ni kuma na sa hannu ban taka wurin ba. Wanga laihina ne, a rubuta shi."

"Kuma ka yi shiru duk shekarun ga?"

"Na yi."

"Don mi yau?"

"Don ran da ta taka Gidan Marka da sunan aiki, manoma za su gaya mata. Su sunka riƙe mashi igiyar awo, sun san shi sarai. Gara ta ji nan, kahin ta ce ta karɓa."

"Injiniya, ina son suna."

 Dattijon ya juya hular a kan tebur.

"Ba ni iya faɗin sunan. Ɗan fari ne."

Mardiyya ta ji yatsun ƙafarta sun ƙanƙame siminti.

"Uban Binta," in ji dattijon.

 Tsohon ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, matar ba ta faɗin sunan mijinta. Abdoul Aziz ne kaɗai a gefen nan ba kunyar kowa a kansa, shi ya ɗago.

"Ashiru? Ashiru mai shagon pano na hanyar Maraɗi? Wanda ke kafa muna famfuna?"

Dattijon ya gyaɗa kai.

"Ai rabin ƙauyukan gaɓa shi munka ba," in ji Abdoul Aziz, ya dubi Madam Hasana. "In sunanshi ya shiga rapor, shagon ya ruhe ke nan."

Mardiyya ta ɗago kai. Ba ta yi niyya ba, amma ta dubi surukinta a fuska. Ashe ya tsufa haka.

Zanen bai ba ta haushi ba. Kowane injiniya yana da wurin da ba ya son a bi da shi. Shirun ne ya yi mata zafi. Mutumin da ta kira jiya daga Maraɗi, ta karanta masa tambayoyin da take zato, ya ce mata Allah ya ba da sa'a, ya san abin da ke jiran wanda aka ɗauka, bai ce mata komai ba.

"Baba," ta ce. "Ya san za ka zo nan?"

"Bai sani ba. Yadda ke ma ba ki sani ba."

Madam Hasana ta jawo salular kusa da Mardiyya. Jan ɗigon yana nan yana ƙiftawa.

"Amsar da kika ba ni ɗazu, kin ba ni ita ba ki san komi ba. Ba ni riƙe ki da ita. In kika ce a'a, ba wanda zai ga laihinki, sai dai aikin ba naki ba ne. In kika ce i, sunaye biyu za ki rubuta, da hannunki."

Ta haɗa yatsunta a kan tebur.

"Lamba ta uku, na sake tambayar ki. Za ki sa hannu?"